Littafin Sito Na Kwamfuta: Sarrafa Manhajoji Da Rubutaccen Umarni A Tsarin Debian



Mai yiwuwa ne wani daga cikinku ya ce, me ya haɗa kifi da kaska, watau me ya kai malamin Hausa ga zancen kwamfuta? Abin da ya kai shi kuwa shi ne, batun namu na yau ya rataya ne a kan abubuwa biyu waɗanda mai nazarin harshe ya saba da su, watau ginin jumla da kuma yadda ake kiyaye matani daga gurɓacewa sa'ad da yake tafiya daga hannu zuwa hannu. Zan yi magana ne a kan yadda ake shigar da manhaja cikin kwamfuta, da yadda ake sabunta ta, da yadda ake fitar da ita, ta hanyar rubuta umarni maimakon nuni da linzami, a cikin tsarin nan da ake kira Debian. Duk wanda ya taɓa riƙe sito a ma'aikata, ya san cewa ba a shigar da ko kwalin takarda ɗaya sai an rubuta, ba a kuma fitar da shi sai an rubuta, to ya riga ya san rabin abin da zan faɗa.

Da farko ya kamata mu san asalin matsalar. Kowace manhaja tana da matani, watau rubutun da mai tsara ta ya yi da hannunsa kafin a juya shi zuwa abin da na'ura take fahimta. Kamfanoni da yawa suna ɓoye wannan matani. A shekarar 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya shelanta aikin da ya sa wa suna GNU, da nufin a samar da cikakken tsarin tafiyar da kwamfuta wanda kowa yake da ikon karanta mataninsa, ya gyara, ya kuma raba wa jama'a. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya fito da zuciyar tsarin, wadda aka sani da Linux. Sai dai kash, kayan a warwatse suke. Mutane dubbai ne suke rubutu, kowa a garinsu, kowa da ranar da yake fitar da nasa, babu kamfani ɗaya da zai tattara su. Mai son wata manhaja sai ya nemo mataninta, ya juya shi da kansa, sa'an nan ya ba da umarni a rarraba fayilolin cikin na'ura: wasu su faɗa wannan jaka, wasu waccan, wasu kuma su hau kan fayilolin wata manhaja dabam su danne su. Bayan shekara guda babu wanda zai iya gaya maka abin da yake cikin kwamfutar, balle ya san wanda ya kawo shi. Sito ke nan wanda ba shi da littafi.

A watan Agusta na 1993 Ian Murdock, ɗalibi a Jami'ar Purdue ta Amurka, ya kafa Debian, ya haɗa sunan daga na budurwarsa Debra da nasa. Maganin da shi da abokan aikinsa suka kawo shi ne ƙunshi. Ƙunshi fayil ne guda ɗaya wanda sunansa yake ƙarewa da .deb, a cikinsa kuwa akwai kashi biyu masu muhimmanci. Kashi na ɗaya shi ne kayan da kansu, kowane fayil da adireshin inda zai zauna. Kashi na biyu takardar bayani ce, mai ɗauke da sunan manhajar, da lambar fitowarta, da sunan wanda yake kula da ita, da jerin sauran manhajojin da ba za ta yi aiki ba sai da su, da waɗanda ba sa zama inuwa ɗaya da ita. Magatakardan da yake kwance wannan ƙunshi sunansa dpkg. Duk abin da ya shigar sai ya rubuta a littafinsa, wanda yake zaune a /var/lib/dpkg, kuma littafin rubutu ne zalla wanda mutum zai iya buɗewa ya karanta. Saboda haka akwai tambayoyi biyu da na'ura za ta iya amsawa nan take. In ka rubuta dpkg -L tare da sunan ƙunshi, za ta jero maka duk fayilolin da ya zo da su. In kuwa ka ci karo da wani fayil da ba ka gane ba, ka rubuta dpkg -S tare da adireshinsa, za ta gaya maka ƙunshin da ya mallake shi. In ta ce ba ta san shi ba, to ko dai wani abu ne na'urar ta ƙirƙira tana cikin aiki, ko kuwa an shigo da shi ta bayan gida.

A nan ya kamata mu ɗan dakata a kan zancen dogaro, domin shi ne gishirin al'amarin. Manhajoji ba sa ɗaukar kome da kome a kansu. Akwai guntaye na tarayya waɗanda manhajoji ɗaruruwa suke aro daga gare su, kamar rijiyar unguwa. Misali, akwai OpenSSL, wanda aikinsa shi ne kulle saƙo don kada na tsakiya ya karanta. Amfanin wannan tarayya ya fito fili a watan Afrilu na 2014, sa'ad da aka gano ɓarakar da aka laƙaba wa suna Heartbleed, wadda take barin baƙo ya leƙa abin da yake cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta daga nesa. Mai amfani da Debian bai bi manhajoji ɗaya bayan ɗaya yana ɗinki ba. Ƙunshin tarayyar aka sabunta, aka sake tayar da masu aro daga gare shi, sa'an nan aka sauya mabuɗan da ake zargin sun fallasa. Amma tarayya tana da nata nauyi. Wannan manhaja tana bukatar waccan, waccan tana bukatar wasu uku, ɗaya daga cikin ukun kuma ba ta yarda sai da wata fitowa ta musamman. Shi dpkg iyakarsa ya ce maka abu kaza ya rage, ya tsaya. Nemowa ba aikinsa ba ne.

Wannan giɓi ne APT ya cike. An fara gwada shi a 1998, ya shiga Debian 2.1 a 1999, kuma gajeren umarnin nan apt da muke rubutawa yanzu ya zo ne a 2014. In dpkg magatakardan sito ne, to apt shi ne jami'in sayayya. Ya san rumbunan da kaya suke, domin an rubuta adireshinsu a ƙarƙashin /etc/apt, yana riƙe da jerin abin da yake cikin kowane rumbu, yana kuma lissafa duk abin da bukata ɗaya za ta jawo kafin ya taɓa kome. Rumbun Debian a yau yana ɗauke da ƙunshi fiye da 60,000. Sauran dangin Linux suna da nasu ma'aikatan: Red Hat da Fedora suna da rpm da dnf, Arch yana da pacman, shi kuwa Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, ya gaji dpkg da apt ne daga Debian. Sunaye ne suka bambanta, amma aikin ɗaya ne.

To, bari mu duba jumlar kanta. Akwai wani zubin haruffa mai suna Alkalami, wanda ƙungiyar SIL ta tsara bisa salon rubutun ajami na ƙasar Kano da kewayenta, kuma yana cikin rumbun Debian. Mai son sa sai ya rubuta:

sudo apt install fonts-sil-alkalami

Ɗaliban nahawu za su ga cewa ginin bai bambanta da "Audu, kawo ruwa" ba. Kalmar apt ita ce sunan wanda aka kira. Kalmar install aikatau ce a sigar umarni, ma'anarta shigar. Abin da ya biyo baya shi ne karɓau. Ita kuwa sudo da ta zo a gaba, neman iko ne, kamar a ce "da izinin hukuma", domin ba kowane mai amfani da na'ura ne aka yarda ya taɓa sito ba, kuma za a nemi kalmar sirrinsa. Da zarar mutum ya gane wannan gini, sauran abin sauya aikatau ne kurum. Da search ake neman ƙunshi in an manta cikakken sunansa, da show ake karanta takardar bayaninsa kafin a shigar da shi. Sai dai na'ura ba ta da kara irin ta ɗan Adam: harafi ɗaya ya kauce, ba za ta ƙaddara abin da kake nufi ba.

Akwai aikatau biyu da suke rikita sababbin shiga, kuma laifin na Ingilishi ne, domin kalmomin sun yi kama ƙwarai. Umarnin apt update ba ya sabunta manhaja ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya je rumbu ya ɗauko sabon jerin kaya, domin jami'in sayayya ya san abin da ya fito tun zuwansa na ƙarshe. Umarnin apt upgrade shi ne yake gwada wannan jeri da littafin sito, ya ɗauko sababbin fitowa ya maye gurbin tsofaffi. Wanda ya yi na farko ya tsaya, ya karanta tallan magani ne bai sha ba. Wanda ya yi na biyu ba tare da na farko ba, yana aiki ne da tsohon labari. Haka nan wajen fitarwa akwai mataki-mataki. Da remove ake cire manhaja a bar fayilolin saitinta, ko da za a dawo da ita wata rana. Da purge ake cire ta har da saitin. Shi kuwa autoremove yana kwashe 'yan rakiya ne, watau guntayen da suka shigo albarkacin wata manhaja, ita kuma ta riga ta fita.

Kafin apt ya aikata abin da ya wuce wanda aka ambata masa, sai ya baje lissafinsa: ga abin da zai shigar, ga abin da zai sabunta, ga abin da zai cire, ga yawan abin da zai sauko da shi, sa'an nan ya tambaya ko ya ci gaba. A ganina wannan shi ne wuri mafi hatsari a duk aikin, domin hannu yakan riga ido. Mutum ya nemi a cire 'yar ƙaramar manhaja, alhali kuwa wasu ashirin sun dogara da ita, jerin yana gabansa a rubuce, ya amsa da i bai karanta ba. Ma'aikaci ya san hukuncin wanda ya sa hannu a takardar kuɗi bai duba adadin ba. Mai shakka yana da mafita: in ya ƙara -s a cikin umarnin, apt zai nuna duk abin da zai faru ba tare da ya aikata kome ba.

Wani zai tambaya, don me za a wahalar da kai da rubutu alhali akwai manhajoji masu hotuna da ake dannawa? Lalle akwai su, kuma a Debian yawancinsu apt ɗin nan suke aika a ɓoye. Amma nuni ba ya shiga fayil. In ka gaya wa abokin aikinka a wani gari ya danna nan, ya gangara can, ya zaɓi na uku, to sai abin da hali ya yi. In kuwa ka aika masa da layi ɗaya a rubuce, abin da ya faru a na'urarka shi zai faru a tasa, in dai tsarinku ɗaya ne. Ana iya tara layukan a fayil guda a bi da su kwamfuta hamsin na ɗakin jarrabawa. Ana iya yin aikin daga nesa, a kan na'urar da ko allo ba ta da shi. Har ila yau akwai fayil mai suna /var/log/apt/history.log, inda ake rubuta ranar kowane aiki da sa'arsa, da umarnin da aka bayar, da abin da ya shiga da abin da ya fita. Ranar da aka yi wa jami'i canjin wurin aiki, umarnin apt-mark showmanual zai ba magajinsa jerin abin da aka shigar da gangan, takardar miƙa aiki ke nan wadda ba ta dogara da tunanin kowa ba.

Yanzu sai babbar tambaya: yaya za ka amince da abin da ya zo maka daga nesa, ya ratsa na'urorin mutanen da ba ka sani ba? Tambayar tana da nauyi, domin ƙunshi yakan zo da ƙananan umarni waɗanda ake zartarwa da cikakken iko lokacin shigarwa. Wanda ka karɓi ƙunshi daga gare shi, ka ba shi mabuɗin gidanka ne gaba ɗaya. Masu kwafar littattafai da hannu a Kano da Katsina da Sakkwato sun san irin wannan damuwa, shi ya sa in an gama kwafi akan zauna a yi muƙabala, ana karanta sabo ana duba asali. Debian yana yin tasa muƙabalar da lissafi. Akwai wata dabara mai suna SHA-256 wadda take tace kowane fayil, kome girmansa, ta fitar da lamba mai gurbi 64, kamar zanen yatsa. In aka sauya ko ɗigo ɗaya a fayil ɗin, lambar za ta sauya gaba ɗaya. Jerin kayan rumbu yana ɗauke da lambar kowane ƙunshi. Wata takarda ta sama tana ɗauke da lambar jerin kansa. Ita kuma takardar an buga mata hatimin lissafi na Debian, wanda na'urarka take da abin tantance shi tun ranar da aka girka ta. Tun daga Debian 4.0 na 2007 apt yake bin wannan silsila da kansa. Sakamakon haka shi ne, ba dole ne ka amince da mai reshen rumbun da ka ɗebo daga gare shi ba. In ya taɓa kayan, lissafi zai tona shi, apt kuma ya ƙi karɓa.

Amma kada mu ɗora wa hatimi abin da ba zai iya ɗauka ba. Yana shaida cewa kwafi ya dace da asali, ba ya shaida cewa asalin lafiyayye ne. A 2006 wani mai kula da ƙunshin OpenSSL a Debian ya cire wasu layuka da kyakkyawar niyya, don ya kawar da gargaɗin da wata manhajar bincike take yi. Ashe layukan suna cikin abin da yake sa mabuɗan sirri su zama ba a iya cankarsu. Mabuɗan da ya kamata yawansu ya wuce ƙidaya sai suka koma kamar 32,000 ga kowane iri, abin da kwamfuta za ta gwada ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan lokaci. Kusan shekara biyu abin yana tafiya da cikakken hatimi, sai a watan Mayu na 2008 Luciano Bello, ɗan ƙasar Ajantina, ya gano shi.

Na biyun ya fi ban tsoro, domin da gangan aka yi shi. Akwai wata ƙaramar manhajar matse fayiloli mai suna xz, wadda kusan kowace na'urar Linux take ɗauke da ita, kuma mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya daɗe yana ɗawainiya da ita a matsayin aikin sa kai. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimakawa da gyare-gyare har aka amince da shi aka ba shi ikon fitar da sabuwar fitowa. A cikin fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1 ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa wadda za ta ba mai wani mabuɗi na musamman damar shiga na'urori daga nesa ta hanyar SSH. Wanda ya tona asirin shi ne Andres Freund, injiniya a kamfanin Microsoft mai aiki a kan manhajar PostgreSQL, wanda ya lura cewa shiga na'urarsa ta gwaji yana ɗaukar kamar rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Bai yi ko oho ba, ya bi sawu, ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris, 2024.

Abin lura a nan shi ne inda gubar ta tsaya. Debian yana da zaure uku. Sabon ƙunshi yana fara sauka a na farko, wanda ake kira unstable, watau wanda bai zauna ba. In ya yi 'yan kwanaki ba a sami babban aibi ba, sai ya wuce na biyu, testing, wurin gwaji. Kamar kowace shekara biyu akan rufe ƙofar na biyun na wasu watanni, a yi ta gyara, sa'an nan a fitar da shi a matsayin stable, watau tabbatacce, wanda bayan haka kusan gyaran tsaro da na manyan kurakurai kaɗai yake karɓa. Gurɓataccen xz ya shiga zaure na ɗaya da na biyu, bai kai na uku ba. Matasa sukan yi ƙorafi cewa kayan tabbataccen Debian tsofaffi ne. Gaskiyarsu, amma ga ofishin da yake riƙe da albashin ma'aikata ko sakamakon jarrabawa, wannan jinkiri shi ne abin da ake nema.

Duk wannan kariya ta ƙare a bakin ƙofar sito. Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu, inda shafi a intanet zai ce ka kwafi layi kaza ka manna, layin kuma ya ɗauko umarni daga wurinsu ya zartar da cikakken iko, babu ƙunshi, babu hatimin rumbu, babu shiga littafi. Abin da ya shigo ta wannan hanya, apt upgrade bai san da shi ba, saboda haka ba zai taɓa sabunta shi ba. Zai zauna yana tsufa da ɓarakarsa. Ban ce kada a taɓa ɗauko abu daga waje ba, domin wani lokaci babu makawa, amma wanda ya ɗauko shi ya ɗauki nauyin rubuta shi da bibiyarsa da hannunsa. Darasin kamfanin Equifax na Amurka ya isa misali. A watan Maris na 2017 aka fitar da gyaran wata ɓaraka a manhajar Apache Struts. Kamfanin ya ba da umarni a yi gyaran, amma ba shi da cikakken lissafin inda manhajar take a cikin na'urorinsa, sai aka tsallake wata. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli ɓarayi suna ciki, suka kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 147.

Saura abu biyu da suka shafi ofisoshinmu kai tsaye. Na ɗaya shi ne tsadar intanet, wadda takan sa a yi ta ɗage sabuntawa. Ofis mai kwamfuta talatin ba ya bukatar ya sauko da abu ɗaya sau talatin. Akwai ƙunshi mai suna apt-cacher-ng wanda yake mai da na'ura ɗaya ta zama ƙaramin rumbu: ta farko da ta nemi kaya ita ce take jawo shi daga waje, sauran su ɗiba a gida, kuma tantance hatimi yana nan yadda yake. Ga na'urar da ba ta da intanet sam, akwai apt-offline, wanda yake rubuta abin da take bukata a fayil, a je inda akwai layi a ɗebo, a kawo mata.

Na biyu shi ne wa'adi. Kowace fitowar tabbataccen Debian tana samun gyaran tsaro na kimanin shekara uku daga hukumar tsaron Debian, sa'an nan wata ƙungiya ta ci gaba da kula da ita har shekara biyar ta cika. Bayan haka, jami'i yana iya rubuta umarninsa ya ga babu sabon abu, ya ɗauka lafiya ce, alhali kuwa masu gyaran ne suka tashi. Umarnin cat /etc/debian_version zai nuna lambar fitowar da take kan na'ura. Debian 13 ya fito a watan Agusta na 2025, Debian 12 a watan Yuni na 2023. In lambar da ta bayyana ta fara da 10, to wannan fitowar Yuli ce ta 2019, kuma wa'adinta na shekara biyar ya cika tun ƙarshen Yuni na 2024.